A Kabul ake ciniki, amma mai shagon yana Kandahar

A cikin mako ɗaya na watan Yulin 2025 abubuwa biyu suka faru kan Afghanistan, in ka jera su kusa da juna sai ka ɗauka ba ƙasa ɗaya ake magana a kai ba. Ranar 3 ga wata Rasha ta sanar cewa ta amince da gwamnatin Taliban a hukumance, ta karɓi takardun jakadansu, farar tutarsu mai kalmar shahada ta hau saman ofishin jakadanci a Mosko, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka tunda suka dawo mulki. Kwana 5 bayan nan, ranar 8 ga wata, kotun duniya ta ICC da ke Hague ta fitar da sammacin kama shugaban Taliban ɗin Hibatullah Akhundzada da alƙalin alƙalansa Abdul Hakim Haqqani, bisa zargin zaluntar mata da 'yan mata. Nan ana musu maraba, can ana neman a sa musu ankwa, su kuwa ko a jikinsu.

Mutane da yawa a nan wajenmu sun yi murna ranar 15 ga Agustan 2021 da shugaban ƙasar na lokacin Ashraf Ghani ya gudu Taliban suka shiga fadar Kabul ba tare da wani artabu ba, kuma na gane dalilin murnar, shekara 20 Amurka da NATO suna ƙasar, sun kashe kuɗin da baki ba zai iya faɗa ba, jiragensu sun sha jefa bam kan gidajen biki da ƙauyuka, ƙarshe dai suka fita a guje mutane na rataye a jikin jirgin soja. Amma korar baƙo daban, ciyar da mutum sama da miliyan 40 daban. Kuma tun daga wancan lokaci maganar ta rabu gida biyu a tsakaninmu, masu cewa duk abun da aka faɗa kan Taliban sharrin Turawa ne, da masu cewa ba su da bambanci da Boko Haram. Duka biyun sun huta da wahalar duba yadda mulkin nasu yake tafiya ne.

Abu na farko da ya kamata mutum ya riƙe shi ne gwamnatin kawunanta biyu ne, kuma ba daidai suke ba. A Kabul akwai firayim minista Mullah Hasan Akhund, akwai Mullah Abdul Ghani Baradar wanda ya sa hannu a yarjejeniyar Doha da Amurka ranar 29 ga Fabrairun 2020, akwai Sirajuddin Haqqani a ma'aikatar cikin gida, Mullah Yaqub ɗan Mullah Umar wanda ya kafa Taliban a tsaro, Amir Khan Muttaqi a harkokin waje. Waɗannan su ne ake gani a talabijin, su ke hawa jirgi zuwa Mosko da Dubai da Beijin, su ke shan shayi da jakadu. Amma hukunci ba a hannunsu yake ba. Hukunci yana Kandahar, can kudu, wajen Hibatullah, mutumin da aka yi wa mubaya'a a 2016 bayan jirgin Amurka maras matuƙi ya kashe magabacinsa Mullah Akhtar Mansur. Shi ba kwamandan yaƙi bane, malami ne kuma alƙali, ba ya hira da 'yan jarida, hoton sa ma da kyar ake samun sa a duniya, jakadun ƙasashe ba sa ganin sa, in ka cire firayim ministan Katar da rahotanni suka ce sun gana a 2023. Ba kundin tsarin mulki, ba majalisa, jam'iyyun siyasa an haramta su tun 2023, zaɓe kuwa ba ma a maganarsa. Doka ita ce abun da ya fito daga ofishinsa, wani lokaci a rubuce wani lokaci da baki, a kowane lardi ya kafa majalisar malamai da ke kai rahoto kai tsaye wajensa, gwamnoni da alƙalai da kwamandoji shi ke naɗawa shi ke sauya musu wuri.

To duk ƙasar da ta tura wakili Kabul, kamar wanda ya shiga shago ne ya tarar da yaron shago, ya zauna ya yi ta ciniki da shi, yaron na murmushi yana cewa ai ba matsala za mu duba, har a kusa shiryawa, sai a aika wa mai shago ya ce albarka.

Ba a taɓa ganin wannan ƙarara ba kamar ranar 23 ga Maris 2022. Wata da watanni ma'aikatar ilimi a Kabul tana alkawari cewa in sabuwar shekarar karatu ta kama za a buɗe wa 'yan mata sakandare, an faɗa wa Turawa a Oslo, an faɗa wa Majalisar Ɗinkin Duniya, Bankin Duniya har ya shirya wasu ayyuka na ɗaruruwan miliyoyin dala. Da safe yara suka saka kayan makaranta suka tafi, wasu har sun zauna a aji, sai ga umarni wai a koma gida sai an sake sanarwa. Kyamarori suna wajen saboda ita kanta ma'aikatar ta gayyaci 'yan jarida su zo su ga buɗewar, aka ɗauki yara suna kuka a bakin get. Ma'aikatar ba ƙarya ta yi ba fa, ita ma a ranar ta ji, a Kandahar aka zauna aka warware maganar. Har yau ana jiran sanarwar. UNICEF ta ce a 2025 'yan mata miliyan 2.2 ne aka tsayar daga aji 6 na firamare, kuma babu wata ƙasa a duniya, ta Musulmi ko ta wani, da ke da irin wannan doka.

Daga nan sai abun ya zama kamar ana ɗaure igiya kaɗan kaɗan. Watan Mayun 2022 umarnin rufe fuska, kuma in mace ta saɓa, mijinta ko ubanta za a hukunta, wanda hakan dabara ce mai zafi dan ta mayar da kowane magidanci ɗan hisba a gidansa. Nuwamba aka hana su wuraren shaƙatawa. Ranar 20 ga Disamba aka rufe musu jami'a, kwana 4 bayan nan aka hana su aiki da ƙungiyoyin agaji, Afrilun 2023 hanin ya kai har ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya, Yuli aka rufe shagunan gyaran jiki da kwalliya wanda dubban mata da shi suke ciyar da gida. A Agustan 2024 aka tattara komai cikin doka ɗaya mai sashe 35 ta umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, da ta shafi har ɗaga muryar mace a waje da tsawon gemun namiji da hoton abu mai rai da direban da zai ɗauki mace ba muharrami. Ma'aikatar da ke aiwatar da wannan a ginin tsohuwar ma'aikatar mata take zaune.

Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne na Disambar 2024, da aka rufe wa mata makarantun koyon ungozoma da aikin nas. Ka hana namiji ya duba mace a wurare da yawa, sannan ka hana mace ta koyi duba mace, to wa zai karɓi haihuwa nan da shekara 10? A ƙasar da dama tana cikin waɗanda mata suka fi mutuwa wajen haihuwa. Lokacin girgizar ƙasar Kunar a ƙarshen Agustan 2025 da ta kashe sama da mutum 2,000, ƙarancin ma'aikatan lafiya mata na cikin abun da masu agaji suka fi kuka da shi.

Tambayar da ake yawan yi ita ce, tunda su Sirajuddin da Yaqub su ke da bindiga da dakaru, kuma ana ganin ba su ji daɗin rufe makarantun ba, me ya hana su tanƙwara dattijon? Sirajuddin a 2023 ya fito a Khost ya yi magana kan masu kankane mulki, kowa ya gane inda ya dosa. Abbas Stanikzai, mataimakin ministan waje a lokacin, a Janairun 2025 ya ce a bainar jama'a hana mata karatu ba shi da hujja a shari'a, zalunci ne ake yi wa mutum miliyan 20, bai daɗe ba ya bar ƙasar zuwa Daular Larabawa. Magana dai ana yi, amma tawaye babu. Dalilin yana cikin tarihinsu. Bayan faɗuwar gwamnatin Najibullah a 1992, mujahidan da suka kori Tarayyar Sobiyat suka juya kan junansu, su Hekmatyar da Masud, suka ragargaza Kabul da rokoki, kowane kwamanda ya datse hanya yana karɓar kuɗi yana fyaɗe. A cikin wannan ɓarnar aka haifi Taliban a Kandahar a 1994, kuma darasin da suka fito da shi guda ɗaya ne, rabuwar kai ita ce mutuwa, biyayya ga amir ita ce ta riƙe su shekara 20 ƙarƙashin bama-baman Amurka. Ko mutuwar Mullah Umar sai da suka ɓoye ta shekara 2 dan kar a watse. Mutumin da aka rene shi a haka zai iya jure yunwar talakawa da zagin duniya, amma ba zai yarda a ce shi ya fasa sahu ba. Ga kuma Da'ish reshen Khurasan a gefe tana ta kiran su 'yan koren Amurka da suka sayar da jihadi a otal-otal ɗin Doha, tana zawarcin matasan mayaƙansu, dan haka duk sassaucin da ya yi kama da an yi shi ne saboda matsin Turawa, a idon Kandahar haɗari ne. Wato matsin lambar ma wani lokaci ƙara taurare su yake.

Kuma gaskiya, dan kar a ce an yi son kai, akwai abun da suka iya. Yaƙi ya tsaya. Hanyar Kabul zuwa Kandahar da a da in ka bi ta sai ka bar wasiyya, yau ana binta da dare, ko da yake masu dasa bam ɗin a da su ne ke gadin hanyar yanzu, wannan ma a faɗa. Shingayen karɓar na goro sun ragu sosai. A kwastam, inda a zamanin tsofaffin shugabanni Ghani da Karzai kuɗi ke zurarewa aljihun manya, sun matse bakin jaka har Bankin Duniya ya yarda harajin da suke tarawa ya kamo na tsohuwar gwamnati duk da tattalin arziƙin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara biyun farko. Kuɗinsu Afghani bai rushe ba kamar yadda aka yi hasashe. Sai opium, wanda daga shi ake yin hiroyin: Amurka ta kashe biliyoyin dala ta kasa hana nomansa, Hibatullah ya fitar da umarni ɗaya a Afrilun 2022, zuwa 2023 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNODC, ta ce noman ya faɗi da kashi 95 cikin 100, daga hekta 233,000 zuwa 10,800. Wannan ya nuna maka umarninsa na kaiwa har ƙauye. Amma fa ƙaramin manomi da ɗan ƙwadago su suka sha wuya dan alkama ba ta kawo ko kusa da kuɗin, manyan da suka ɓoye kaya a rumbu kuwa farashi ya tashi suka ƙara kuɗancewa. Kuma kaso mafi tsoka na kasafin yana tafiya ne wajen sojoji da 'yan sanda da leƙen asiri, asibiti da abinci an bar wa ƙungiyoyin waje. Afuwar da suka yi shela ma ba ta hana kashe-kashen ramuwa ba, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kabul ya lissafa tsofaffin sojoji da jami'ai 218 da aka kashe ba shari'a zuwa tsakiyar 2023. An dawo da bulala a filayen ƙwallo, ƙisasi a bainar jama'a ya fara daga Farah a Disambar 2022. Ƙabilun Tajik da Uzbek da Hazara 'yan Shi'a kuwa, in ka cire 'yan tsiraru da aka saka dan ado, mulkin na malaman ƙabilar Pashtun ne.

Masu cewa ai shari'a suke yi Turawa ne ba sa so, sai su gaya mana Turawan da ke Azhar. Shehin Azhar Ahmad al-Tayyib ya fito ya ce hana mata jami'a ya saɓa wa shari'a, Saudiyya da Katar da Turkiyya sun yi tir, ƙungiyar OIC wadda Najeriya da Nijar ke ciki ta tura tawagar malamai har can. Su kansu Taliban ba su taɓa fitar da fatawar cewa karatun mace haram bane, kullum maganarsu ana shirya yanayin da ya dace ne, irin amsar da suka yi ta bayarwa daga 1996 har suka faɗi a 2001. Abun ya fi kama da al'adar ƙauyukan kudancin Afghanistan inda fitar budurwa daga gida abun kunya ne, aka sa wa al'adar rawani. Mu da muka gaji Nana Asma'u da 'yan taru, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna koyar da 'ya'yan wasu, bai kamata a ruɗe mu da wannan ba. Amina Mohammed tamu, mataimakiyar sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ta je Kabul har ta wuce Kandahar a Janairun 2023, ta yi musu magana a matsayinta na Musulma 'yar'uwarsu, an karɓe ta an saurare ta, amma shi wanda ke da hukuncin ba ta gan shi ba.

To ƙasashen waje fa? Amurka makaminta kuɗi ne. Tsohuwar gwamnati kusan kashi 75 cikin 100 na kasafinta tallafin waje ne, rana ɗaya aka rufe famfo, aka kuma riƙe kusan dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar da ke ajiye a New York. A 2022 Biden ya raba kuɗin biyu, rabi aka bar shi saboda ƙarar iyalan waɗanda suka mutu a harin 11 ga Satumba, rabin kuma biliyan 3.5 aka kai wani asusu a Siwizalan. Kuɗin 'yan Afghanistan ne fa, har da ajiyar 'yan kasuwa, ba na Taliban ba. Bankunan duniya suka ji tsoron takunkumi suka daina mu'amala da ƙasar, malamin makaranta da nas suka yi watanni ba albashi, mutane na layi a banki dan cire ɗan abun da aka ƙayyade musu a mako. Da yunwa ta tunkaro sai ga Amurkar dai ita ce kan gaba wajen agaji, sama da dala biliyan 3, har Majalisar Ɗinkin Duniya na shigo da tsabar dala ta jirgi, kimanin miliyan 40 a kowane zuwa, kuma wannan dalar ce ta taimaka wajen riƙe darajar Afghani da Taliban ke alfahari da ita. Ka ga hannun dama na shaƙe su hannun hagu na ba su iska. A 2025 Trump ya yanke agajin gaba ɗaya, ɗaruruwan ƙananan asibitoci suka rufe a ƙasar da kusan mutum miliyan 23 ke buƙatar taimako, amma a wannan shekarar dai wakilansa suka sauka Kabul kan musayar fursunoni, aka cire ladan dala miliyan 10 da aka sa a kan Sirajuddin, mutumin da a unguwar da ke hannun mutanensa Amurka ta kashe shugaban al-Ƙa'ida Ayman al-Zawahiri a Yulin 2022. Daga baya Trump ya ce a ba shi sansanin Bagram saboda yana kusa da Sin, suka ce ko taku ɗaya ba za su bayar ba. Ba wanda ya ambaci makaranta a wannan cinikin.

Maƙwabta kuwa tun farko ba su ɓata lokaci kan maganar mata ba, kowa da abun da ke hana shi barci. Sin na tsoron mayaƙan Uighur, Musulmin yammacin ƙasarta, kuma tana hangen ma'adinin tagulla na Mes Aynak, dan haka ta tura sabon jakada a 2023, Xi Jinping ya karɓi takardun jakadan Taliban a Janairun 2024, sannan suka ce wai wannan ba amincewa bace. Kuɗin Sin ɗin da aka yi ta zuzutawa dai bai zo yadda aka zata ba, kwangilar man Amu Darya ma Taliban sun soke ta a 2025. Rasha da ta yi shekara 10 tana yaƙi a ƙasar ta kuma saka Taliban cikin jerin 'yan ta'adda tun 2003, bayan harin Da'ish a zauren Crocus a Maris 2024 da ya kashe sama da mutum 140 sai Putin ya fara kiran su abokan yaƙi da ta'addanci. Uzbekistan na sayar musu da lantarki tana tura firayim ministanta Kabul, alhali gabanta na faɗuwa kan magudanar Qosh Tepa mai kilomita 285 da suke haƙawa dan janye ruwan kogin Amu Darya. Iran da ta kusa shiga yaƙi da su a 1998 ta miƙa musu ofishin jakadanci a Tehran, suna rigimar ruwan kogin Helmand har da harbe-harbe a 2023, sannan a 2025 ta koro 'yan Afghanistan sama da miliyan ɗaya. Jamus da ke kan gaba wajen wa'azin haƙƙin mata, da siyasar baƙin haure ta yi zafi a gida sai ta fara lodin masu laifi a jirgi zuwa Kabul, ta kuma bar jami'an Taliban 2 su shigo su yi aikin takardu.

Wanda ya fi kowa cizon yatsa Pakistan ce. Ita ta ba su mafaka a Quetta da Peshawar, a madarasunta irin Haqqaniyya da yawansu suka yi karatu, firayim ministanta na lokacin Imran Khan ya ce sun tsinke sarƙar bauta, shugaban leƙen asirinta na lokacin Faiz Hameed ya je Kabul aka ɗauke shi hoto da kofin shayi yana murmushi. Lissafinsu shi ne sun samu gwamnatin da za ta ji maganarsu. Sai ga Taliban ɗin Pakistan, TTP, wanda su ma mubaya'arsu na wuyan amir ɗin Kandahar, sun samu bayan gida mai faɗi suna kashe sojoji da 'yan sanda a Khyber Pakhtunkhwa. Islamabad ta ce a miƙo su, Kabul ta ce matsalarku ce ta cikin gida, wato daidai amsar da Pakistan ta shekara 20 tana ba Karzai da Ghani. Kuma Taliban kamar duk gwamnatocin da suka gabace su ba su yarda da layin Durand da Turawan Ingila suka shata a 1893 a matsayin iyaka ba. Pakistan ta fara korar 'yan gudun hijira daga ƙarshen 2023, ta kai hari ta sama a Paktika a Disambar 2024, zuwa Oktoban 2025 aka gwabza sosai a kan iyaka har bam ya tashi a Kabul, sai da Katar da Turkiyya suka shiga tsakani, aka rufe mashigan iyaka na Torkham da Chaman kaya na ruɓewa a manyan motoci. A daidai wannan makon Muttaqi yana Delhi, Indiya da ta shekara da shekaru tana kiran su karen farautar Pakistan ta shimfiɗa masa darduma ta ce za ta maido da ofishin jakadancinta. Ya kira taron manema labarai ba mace ko ɗaya, 'yan jaridar Indiya suka tayar da ƙura, sai da ya sake kiran wani mata a sahun gaba.

Abun da ya rage a hannun duniya yanzu bai fi kujerar Majalisar Ɗinkin Duniya ba, wadda har yanzu jami'in tsohuwar gwamnati ke zaune a kai, da takunkumin tafiye-tafiye, da kuɗin nan da aka riƙe. Ita kanta majalisar da ta so su halarci taron Doha na uku a ƙarshen Yunin 2024, sai da ta yarda ba macen Afghanistan a teburin. Ni a ganina kuskuren lissafin tun daga tushe yake: an ɗauka kowa na son abun da Baradar da Muttaqi ke so, a amince da kai, a buɗe maka banki, a gayyace ka New York. Dubi Ahmad al-Shara'a na Siriya, shi ma tsohon ɗan al-Ƙa'ida ne da aka sa ladan dala miliyan 10 a kansa, ya kama Damaskas a Disambar 2024, ya sa kwat, cikin wata 6 ya gana da Trump a Riyad aka fara ɗage takunkumi. Shi yana son shiga, kuma shi ke da hukunci a gidansa. A Afghanistan mai son shiga ba shi da hukunci, mai hukuncin kuma yana ganin shigar ita ce fitinar, balle yanzu da ya ga jakadu na zuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya buɗe aji ko ɗaya ba.

Sau ɗaya na ga umarni irin na Kandahar ya koma baya cikin gaggawa, kuma ba wata ƙasar waje ce ta sa ba. A watan Satumban 2025 aka fara yanke intanet na fiber, mai bi ta igiya, a Balkh da wasu larduna wai dan hana baɗala, ranar 29 ga wata aka kashe na ƙasar baki ɗaya har da layukan wayar hannu. Jirage suka kasa sauka a Kabul, bankuna suka tsaya, 'yan canji da masu hawala suka rufe, kwastam ɗin da gwamnati ke ci daga gare ta ta tsaya cak, su kansu ma'aikatun Taliban da ke aiki da WhatsApp suka rasa yadda za su yi magana da juna. Kwana 2 kacal aka maido, rahotanni suka ce da umarnin firayim minista daga Kabul. Wato ministocin na iya tsayawa in abun ya taɓa aljihun gwamnati da 'yan kasuwa da aikinsu na yau da kullum. Rufe makarantar 'yan mata kuwa bai hana jirgi sauka ba bai hana kwastam tara kuɗi ba, shi ya sa har yau ba ministan da ya ga ya kai a sa wuya a kansa.